Wasiƙa zuwa ga Malam Hamadu a kan sare tsohuwar azaliyar gidansa

Marwa, 2 ga Afrilu

Zuwa ga aminina Malam Hamadu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da dukan mutanen Ngaundare, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, na kuma duba hotunan tsohuwar azaliyar nan, wato itaciyar fure ta ado, da ka tarar a farfajiyar gidan da ka koma. Na fahimci cewa tana kan hanyar katangar da kake shirin ginawa, kuma maimakon ka sa a tumɓuke ta a zubar, kana so ka sare ta ka mayar da ita bonsai, irin ƙananan bishiyoyin tukunya da mutanen Japan suka shahara da renonsu. Ra'ayina a taƙaice shi ne ka sare ta sosai, kada hannunka ya yi rawa, amma ka bar ta a inda take har wata damina kafin ka haƙe ta, ko da hakan zai sa magini ya tsallake wannan kusurwa a bana.

Dalilin da ya sa ban ji tsoron ba ka wannan shawara ba shi ne halin itaciyar kanta. Azaliya, wadda masana tsirrai suke lissafawa cikin dangin Rhododendron, tana daga cikin itatuwan da suke fitar da sabon toho daga tsohon icce ko da ba a bar musu ganye ko ɗaya ba, muddin suna da ƙoshin lafiya a lokacin da aka sare su. Taka kuwa ganyenta kore ne shar, ban ga rawaya a jikinsa ba, kuma rassan da ta yi bara suna da tsawo, wanda yake nuna saiwoyinta suna aiki. Da a ce na ga ta yi yaushi ko ganyenta ya kwashe, da na ce ka ciyar da ita shekara guda tukuna, domin tohon da za ta yi bayan sara daga abincin da ta tara a gindi da saiwa zai fito. Wannan ne ma ya sa nake ƙin a haɗa sara da haƙa a lokaci ɗaya. Akwai masu yin haka a Turai da Japan kuma suna dacewa, amma su ba su da busasshen hunturu irin namu da zai biyo bayan watanni kaɗan ya busar da duk abin da bai kafu ba.

Littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi suna cewa a datse azaliya da zarar furenta ya zube, saboda cikin watannin da suke biye take ƙulla furen baɗi, wanda ya makara kuwa furen yake yankewa. Wannan ƙa'ida ta mai aske tsinin rassa ce. Kai da za ka sauke ta har kusa da gindi ka riga ka sallama furen shekara ɗaya ko biyu, don haka abin da za ka bi shi ne ruwa. Ka jira damina ta zauna sosai a wajenku, wato wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, lokacin da ƙasa ta jiƙu kuma iska ta yi laushi, domin sabon tohon ya sami watanni biyar ko shida yana ƙwari kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba. Tudun Adamawa da ya ɗaga garinku sama da mita 1,000 shi ne ya raya ta tun farko. A nan Marwa, inda zafin Afrilu yake wuce digiri 40, ba za ta kai bazara biyu ba, shi ya sa ni nake fama da kariya da tsamiya a tukwanena.

Kafin ka ɗauki zarto, ka durƙusa ka share ƙasar gindinta da hannu da ɗan tsinke, zurfin santimita 3 zuwa 5, har ka ga inda manyan saiwoyi suka rabu da jiki suka bazu. Wannan wurin shi ne abu mafi daraja a jikin tsohuwar itaciya, domin rassa za ka iya sake su cikin 'yan shekaru, amma kaurin gindi da bazuwar saiwa shekarun da ta yi a ƙasa ne suka samar da su. Daga ɓangaren da gindin ya fi faɗi da kyau za ka zaɓi fuskar bishiyar, sannan ka dubi manyan rassan da suka taso daga ƙasa ka tsayar da waɗanda za su zauna. A hoton na ƙirga bakwai, kuma da ni ne da na bar uku: mai kaurin nan da ya ɗan karkata hagu a matsayin uba, da biyu da suke gefensa, kowanne da nasa kauri da nasa tsawo. Masu wannan sana'a a Japan sun fi son adadin da bai rabu biyu daidai ba, kamar uku ko biyar, suna kuma gudun huɗu. Ba farilla ba ne a kanmu, sai dai na lura ido ya fi hutawa a kan uku.

Game da tsawon da za ka bari, girman ganyenta da na furenta ne za su yanke hukunci. Irin da Japanawa suka fi mayarwa bonsai, wato Satsuki da Kurume, ƙananan ganye gare su. Taka ta fi kama da manyan nan da asalinsu daga Sin yake, waɗanda manoman furanni na yankin Gent a Beljiyam suka yaɗa a duniya. Ganye yana iya ɗan ƙanƙancewa a tukunya bayan shekaru, amma fure ba ya raguwa, saboda haka idan ka yi ta ƙarama ƙwarai, ranar da ta yi fure ba za a ga bishiya ba sam. Ka yanke uban a wajen santimita 45 daga ƙasa, na biyu ya gaza shi da kamar kashi ɗaya cikin uku, na uku kuma ya gaza na biyun. A kowane yanka ka ƙara santimita 3 zuwa 5 bisa inda kake nufi, domin bakin yankan yakan bushe ya ja baya, kuma ragewa daga baya ta fi sauƙi.

Inda nake so ka fi yin hattara shi ne rassa huɗun da za ka cire. Ɓawon azaliya siriri ne, kuma kowane babban reshe yana da hanyar ruwansa da ta gangara zuwa wasu saiwoyi na musamman. Idan aka shafe reshen daidai da jiki a rana ɗaya, sau da yawa ɓawon da ke ƙarƙashin yankan yakan mutu ya bi layi har ƙasa, saiwar wannan ɓangare ta ruɓe, a wayi gari rabin gindin da ake taƙama da shi ya zama busasshen icce. Maganin wannan shi ne ka bar dungu mai tsawon yatsa, ka kuma ƙyale toho ɗaya ko biyu su rayu a kansa har shekara ta zagayo, lokacin da ruwan ya sami wata hanya, sannan ka gyara dungun da wuƙa mai kaifi. Zarton ya kasance mai ƙananan haƙora, ka goge shi da sifirit, kada kuma ka yarda yaro ya taimaka maka da adda, domin iccen yana da saurin tsagewa. Kowane yanka ka share bakinsa da wuƙa ka toshe shi nan take. A Japan akwai man da ake sayarwa don wannan aiki, amma kakin zuma da aka narkar aka bari ya huce yana wadatarwa, kuma ku a Adamawa ba ku rasa shi a kasuwa ba. Gam ɗin kafinta fari ma yana yi.

Rassan da ka sare kada su kwana a tsakar gida. Ganyen azaliya da furenta suna da guba mai suna grayanotoxin, kuma awaki da tumaki suna cikin dabbobin da ta fi kamawa: dalala, amai, tangaɗi, wani lokaci har mutuwa. Na san kana ɗaure rago a bayan ɗaki, don haka ka ƙone su a waje, tokar kuma kada ta dawo gindin itaciyar.

Bayan sara ka kafa mata 'yar rumfa ta zana wadda za ta tare ranar azahar ta bar ta safe, saboda ɓawon da ya saba zama cikin inuwar ganye yana ƙonewa. Cikin makonni uku zuwa shida za ka ga ƙananan toho suna ɓullowa ko'ina a jikin dungayen, sau da yawa biyar ko shida a wuri ɗaya. A damina ta farko ka bar yawancinsu, domin su ne suke mayar mata da ƙarfi, amma ka riƙa tsinke waɗanda suke fitowa daga ƙasa da kan saiwa. Yawancin itatuwa ƙarfinsu a sama yake, ita kuwa azaliya nata a ƙasa yake, kuma idan ka ƙyale 'ya'yan gindi za su shanye abincin su bar kan bishiyar ya raunana har ya bushe. Wannan hali nata zai bi ka har ƙarshen renonta: kullum ka datse rassan ƙasa da ƙarfi, na sama kuma ka tausaya musu. Wajen ƙarshen damina ka rage kowane cunkuso zuwa toho biyu. Idan za ka karkatar da wani da waya, ka yi amfani da ta alminiyum mai laushi tun reshen bai yi tauri ba, domin a nan maganar magabata cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi gaskiya ce tsagwaronta. Reshen azaliya da ya shekara biyu karyewa yake yi ba tare da gargaɗi ba.

Cikin Yuli ka ɗauki shebur mai kaifi ka soka shi a kewayenta, nisan santimita 30 daga gindi, ka yanke rabin da'irar kawai, domin ta yi sababbin saiwoyi a kusa. Saiwarta ba ta nitsewa. Siririya ce, a cukuikuye kamar soso, kusa da fuskar ƙasa, shi ya sa haƙarta baɗi ba zai ba ka wuya ba. Idan lokacin ya yi, ka sa kafinta ya haɗa maka akwatin katako mai faɗi marar zurfi, mai ramuka da yawa a ƙasa, ka ɗaure ta a ciki don kada iska ta girgiza ta. Tukunyar ado sai bayan wasu shekaru.

Ƙasar da za ka zuba mata dole ta kasance mai tsami, tsakanin 4.5 da 6 a ma'aunin pH, mai riƙe laima amma ba ta tara ruwa. Japanawa suna amfani da wata tsakuwa mai taushi ta dutse mai aman wuta da ake haƙowa a Kanuma, cikin lardin Tochigi. Kai ka tankaɗe jar tsakuwar marmara mai girman milimita 3 zuwa 6, ka wanke ta, ka gauraya da ruɓaɓɓen ganye. Toka da farar ƙasa da siminti duk abokan gabanta ne, saboda suna kashe tsamin ƙasa su hana ta shan sinadarin ƙarfe, sai ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa suna kore. Don haka ka gargaɗi maginanka kada su kwaɓa siminti ko su wanke kwanonsu kusa da ita, ka kuma tara ruwan indararo a duro saboda rani. Taki kuwa kada ka sa sai ta yi wata guda da rabi a akwati, kuma tunkuzar 'ya'yan auduga da makiyaya suke saya daga masana'antar Sodecoton ta dace da ita ƙwarai. Zan aiko maka da ɗan buhu idan na sami mai zuwa.

Ka aiko mini da hoton gindin daga ɓangarori huɗu bayan ka share ƙasar, kafin ka yanke komai, domin mu tsayar da fuskarta tare. Ka gaishe mini da Hajiya da yara, da Malam Liman idan kun haɗu a masallaci.

Wassalam.

Naka amini,
Sani