Masu son shiga gasar Master Duel, ku fara da dek ɗaya tukuna

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira.

Dan Allah a ɗan ba ni fili a jaridar nan, saboda shafinku na wasanni kullum ƙwallo ce, in an gama Firimiya a koma Laliga, in an ɗan tausaya mana a saka dambe shikenan, alhali akwai matasa da yawa da suke raba dare a kan wasan kati na intanet kuma ba mai yi musu bayani da Hausa. Wanda nake nufi shi ne Yu-Gi-Oh! Master Duel, wanda kamfanin Konami na Japan ya saki a Janairun 2022, ana buga shi a waya da kwamfuta da PlayStation da Xbox da Switch, kuma mai waya yana iya haɗuwa da mai kwamfuta ba matsala. Tambayar da ƙannenmu suka fi yi ita ce wai ta ina ake fara shiga gasa, toh amsar da nake ba su ita ce nake so ta kai ga kowa.

Ga wanda bai san abin ba, ba irin Whot ba ne da ake raba wa kowa kati daga tari ɗaya. Anan kowa da nasa tarin da ya haɗa da hannunsa, shi ne dek, kati 40 zuwa 60, sai wani ƙaramin tari na gefe da bai wuce 15 ba, kuma kati ɗaya ba ya wuce kwafi 3. Kowa yana farawa da rai 8000, wanda ya fara ƙarar da na ɗan'uwansa shi ya ci. Katunan sun haura dubu goma, kuma nan ne sabon shiga yake ruɗewa.

Abin da yake kashe yara tun kafin su ga ƙofar gasa shi ne kwaɗayi. Wasan yana ba sabon shiga gem mai yawa a farko, wato kuɗin cikin wasan da ake sayen kati da shi, ta bangaren Solo inda kake wasa kai kaɗai da na'ura da ayyukan da ake ba ka kullum, sai yaro ya ga gem ta taru ya buɗe wannan fakitin katuna ya buɗe wancan saboda zanen dodon ya burge shi, bayan sati biyu yana da rabin dek kala biyar kuma ba ɗaya da zai iya fita da shi filin daga. Gem 1000 fakiti goma ne kawai fa, kuma kyautar farkon nan in ta ƙare ta ƙare, abin da zai riƙa shigowa bayan nan kaɗan kaɗan ne. Ni shawarata ita ce ka zaɓi dek ɗaya tak, ka zuba komai a kansa. Akwai waɗanda aka riga aka haɗa ana sayarwa gem 500, irin na Salamangreat ko Dragonmaid, ka sayi uku ka haɗe su 1500 kenan, ka samu abin da za ka koyi wasa da shi. Ba su ne suka fi ƙarfi ba, gaskiya ba za su kai ka gasar duniya ba, amma wanda ya san Salamangreat ciki da bai zai lallasa wanda ya kwafo dek mafi tsada jiya da daddare bai san me zai fara saukewa ba.

Sauran katunan da ba ka buƙata kuma kar ka ajiye su kana kallo, ana narka su. Duk kati ɗaya da ka narka yana ba ka maki 10 na ajinsa, ƙera sabo kuma 30 ne, wato UR uku marasa amfani, shi ne ajin kati mafi tsada, su haifa maka UR ɗaya da kake so. Kuma farkon abin da ya kamata ka ƙera ba manyan dodanni ba ne, katunan tare hanya ne, irin su Ash Blossom da Infinite Impermanence da Called by the Grave da Effect Veiler, saboda su kusan kowane dek suna shiga, ko ka canza sheƙa gobe suna nan tare da kai. A wasan nan wanda ya fara yana iya shafe minti biyar yana jera abubuwa kana zaune kana kallo, in ba ka da abin da za ka jefa masa daga hannu ka katse shi, toh kafin layi ya zo kanka an riga an rufe ƙofa.

Sannan dan Allah a tsaya a 40. Na san akwai dek ɗin da 60 ya fi yi musu amma wannan ba na sabon shiga ba ne. Lissafin a fili yake, in kana da kwafi 3 na katin da kake nema a cikin 40, damar ya zo a hannun farko na kati biyar kusan 34 cikin 100 ce, in ka cika shi 60 ta sauka kusan 23. Duk katin da ka ƙara don kana sonsa kawai, nesa yake ƙara maka da wanda kake buƙata.

Toh gasar kanta kala kala ce. Akwai tsanin cikin wasan da ake hawa daga Rookie, Bronze, Silver, Gold, Platinum, Diamond har Master, wannan ba gasa ba ce sosai amma nan ne makaranta, kuma wasa ɗaya ne tak, an jefa kwabo an ga mai farawa. Sai Duelist Cup da Konami suke yi lokaci lokaci, zango biyu ne, na farko kana hawa mataki har ka kai ƙarshe, na biyu kuma tara maki ne na 'yan kwanaki inda mutane suke hana idonsu barci. Sai share fagen gasar duniya, wadda aka fara saka Master Duel a cikinta a 2023 a Tokyo, ƙungiya ƙungiya ta mutum uku, a 2024 kuma aka yi a Seattle ta Amurka. Zangon farko na Duelist Cup kowa ya shiga, kyauta ne kuma ana samun gem, amma zango na biyu kam ni ba na ba sabon shiga shawarar ya sa rai, gajiya ce kawai zai kwasa.

Inda ya kamata a fara da gaske shi ne ƙananan gasa da jama'a suke shiryawa da kansu a Discord ko guruf na WhatsApp, ana jera sunaye a shafukan shirya gasa irin su Challonge ko Tonamel, a buɗe ɗaki a Duel Room na cikin wasan a turo maka lambar ɗakin ka shiga. Da yawansu tsarin Siwis suke bi, wanda ya samo asali daga gasar ces, wato darar Turawa, da aka yi a Zurich ta ƙasar Switzerland a 1895, kuma shi ne ya fi yi wa ɗan koyo adalci don ba a korar ka daga faɗuwa ɗaya. Mutum 16 zagaye 4 ne, 32 zagaye 5, bayan kowane zagaye ana haɗa ka da wanda cinku ɗaya, in ka faɗi biyu za ka haɗu da ɗan'uwanka da shi ma ya faɗi biyu, a ƙarshe a ɗebi na sama su yi sili ɗaya ƙwale. Wato ko ka sha kashi ka buga wasanninka cikakku, kuma akwai rifile, ka koma ka kalli inda aka kama ka.

Abin da yake fitar da mutane a irin wannan gasa sau da yawa ba wasa ba ne ma, rashin karanta doka ne. Wasu suna so ka tura skirinshot na dek ɗinka kafin lokaci kuma ba ka canzawa bayan nan, wasu wasa uku ake yi mai cin biyu ya wuce, kusan dukkansu suna da lokacin amsa suna kafin a fara, ka makara an cire ka ba wani roƙo. Sannan jerin katunan da aka hana ko aka rage na Master Duel daban yake da na katin takarda, misali Maxx "C" an daɗe da hana shi a takarda a Amurka da Turai amma Master Duel ya fito da shi ana bugawa, kuma jerin yana canzawa akai akai, saboda haka bidiyon YouTube na bara zai iya sa ka haɗa dek ɗin da ba zai shiga ba yau. Ka duba agogo kuma, Japan ta riga mu da awa 8, gasar da Ba'amurke ya sa da yammarsa a wajenmu tsakar dare ce.

Namu matsalar ta musamman kuwa kowa ya sani, wuta da netwok. In layi ya yanke ana cikin wasa bai dawo da wuri ba faɗuwa ake rubuta maka, wasan bai san wani uzurin an ɗauke wuta ba, kuma akwai agogon da yake cin lokacinka duk sanda kake tunani. Ka cika caji, ka ajiye fawa bank kusa, ka sauke duk wani ofdet tun da rana, ka zauna inda sabis ya fi kamawa ko da bakin ƙofa ne, kuma ka gaya wa mutanen gida kar a aike ka siyo maggi a zagaye na uku.

Na san wasu iyaye da sun ji an ce kati sai su ce caca, kuma ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Shi wasan ana iya buga shi ba ka kashe ko sisi ba, amma sayen gem da kuɗi don buɗe fakitin da ba ka san me ke ciki ba abu ne da ko a Turai ake ta cece-kuce a kai, hukumar kula da caca ta Beljiyam ma tun 2018 ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a na wasu wasanni a matsayin caca. Ni dai ra'ayina gasar da za a ce kowa ya zuba kuɗi mai ci ya kwashe, a bar ta, ba ma buƙatarta, in mai shiryawa yana so ya ba zakara katin waya daga aljihunsa wannan tsakaninsa da Allah. Kuma a sa lokaci da ba zai ci sallah ko karatu ba, bayan isha'i ranar Asabar ya ishe mutum 16 su gama.

Roƙona Malam Edita, ko sau ɗaya a wata ku ware mana ɗan lungu a shafin wasanni, a sa sanarwar gasa da sakamako da dek ɗin da ya ci, in kun amince akwai masu turo muku rahoton kyauta.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya