Saran daji saboda ɓera

Aminina Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da su Hajiya da amarya da yara. Ya sanyi? Namu na nan Ingila sai addu'a.

Ka ce na daina ɗaukar waya ranar Asabar. To riƙe dariyarka: aikin gayya nake zuwa a wani kurmi nan Kent, kuma saboda ɓera. Na san a gidanku tarko ne rabonsa. Wannan dai daban yake. Turawa na ce masa dormouse, ni kuwa na raɗa masa ɓeran barci, don tun daga wajen Nuwamba yake dunƙulewa a ƙasa cikin busassun ganye, ba zai motsa ba sai Afrilu ko Mayu. Nauyinsa wajen giram 20 ne, ga manyan idanu baƙaƙe, ga jela mai gashi. Masu ƙidayarsa sun ce yawansa ya ragu da kashi 70 cikin 100 tsakanin 2000 da 2022.

Ranar farko da aka miƙo mini zarto aka nuna mini bishiyar hazal, wata mai 'ya'ya masu ɓawo da ɓeran ke ci, aka ce in sare ta daga gindi, wallahi na ɗauka wasa ne. Ceto muka zo ko ɓarna? Wani dattijo da ya daɗe a aikin ne ya warware mini. Da can mutanen karkara na sarar hazal yanki-yanki don yin shinge da gawayi, kututturen ya sake tofo, rana ta samu shiga, furanni da ƙwari su wadata. Da aka bar saran sai kurmin ya rufe ya yi duhu, abinci ya ƙare. Yana magana ina tuno gonar Baffa, yadda yake barin tohon kalgo a kan kututture yana rage masa rassa.

Saran ma da ƙa'ida. Ɗan yanki ake yi kowace shekara, domin hazal kan kai shekara 7 kafin ta sake 'ya'ya, kuma shi ɓeran ba ya son taka ƙasa in yana farke, sai an bar masa rassa masu haɗe da juna. Ragowar rassan mu kange kututture da su, in ba haka ba barewa ta cinye tohon tas. Tafiya ma a hankali, kada ka taka mai barci.

Har yau fa ban sa shi a ido ba. Doka ta hana taɓa shi sai mai lasisi. Iyakata ɓawon 'ya'yan hazal da ya huda, rami zagayayye sumul, yana nan a aljihun rigata. Sun ce a watan Mayu zan bi su duba akwatunan da aka rataya masa a jikin itatuwa. In Allah ya sa na dace, hoto na zuwa.

A gaida Baffa da kyau.

Naka,
Habu