Sanarwa game da aikin da Malam ya bari

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ranar Asabar bayan la'asar za a yi addu'ar arba'in ta Malam a ƙofar gidansa nan Maraɗi, Allah Ya jiƙansa. Bayan fatiha kada a watse, akwai zama kan aikin da ya bari na karatun yara makafi da kurame.

Duk mun san shekarun da ya kwashe yana bin gidaje, yana roƙon iyaye su ɗauke yaro makaho ko kurma daga bara su kai shi lakkwal. Sau nawa aka rufe masa ƙofa, gobe ya koma. Da hannunsa yake kama yatsan yaro ya ɗora kan ɗigo 6 na rubutun makafi, wanda Louis Braille ya ƙirƙiro a Faransa. Wajen rubuta shi akan huda takarda da tsinke daga dama zuwa hagu, a juya ta a karanta daga hagu. Haƙurin nan ba kowa ke da shi ba.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 2008, amma takarda ba ta kai yaro aji, sai wani ya tashi.

Yaran da ke hannun Malam suna nan. Ana buƙatar takarda mai kauri, allo da tsinke, farar sanda, da kuɗin kabu-kabu na masu nisa. A ganina kuɗin hawan nan ya fi gaggawa, shi ke fara zaunar da yaro gida. Ko jikka guda ce a miƙa wa ma'aji. Iyayenmu mata, don Allah ku zo, ku ne kuka san gidajen da ake ɓoye yaran.