Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Karatu Don Tunawa da 'Yan Uwanmu da Suka Riga Mu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa maza da mata. A babban taronmu na bara, bayan Sallar layya, kuka ɗora mana nauyin gyara tsohon ɗakin nan da ke bayan ofishinmu a cikin birnin Katsina, a mai da shi ɗakin karatu, a kuma riƙa ajiye tarihin Katsinawan da suka yi jami'a, suka yi wa jama'a aiki, har Allah ya karɓi abinsa. Alhamdu lillahi aiki ya kammala, mun miƙa makulli. Ga yadda aka yi.

Ranar da muka je duba ɗakin, sai da aka sa kafaɗa kafin ƙofa ta buɗe. Kwano ya yi tsatsa ya huje, silin ya rufto ta kusurwar gabas, gara kuwa ta ci katakon rufin har kana iya tura yatsa ciki. Amma abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne tsohuwar rajistar mambobi, wadda muka tarar a cikin kwali daidai ƙarƙashin yoyon. Shafukan farko sun manne, tawada ta narke. Sunayen waɗanda suka kafa wannan ƙungiya ne a ciki, kuma yawancinsu sun kwanta dama. Sakatarenmu ya tafi da ita gida, ya riƙa shanya ta a inuwa yana raba shafi ɗaya-ɗaya da bakin wuƙa. Wasu sunayen sun karantu, wasu sai da aka kai wa dattawa suka cika rabin da ruwa ya ci.

Ba mu taɓa komai ba sai da ruwa ya ɗauke. Aka yaye rufin gaba ɗaya, aka kankare tsohuwar filasta, aka sake wayarin. A nan muka yi kuskuren da ya kamata mu faɗa da bakinmu. Kafintan farko da muka ɗauka shi ne wanda ya fi kowa sauƙin farashi, muka ga kamar mun yi wa asusu gata. Ashe ɗanyen katako ya kawo. Da hunturu ya buso, katakon ya bushe ya lanƙwashe, kusoshi suka fara leƙowa. Araha dai ba ta ado. Muka rabu da shi lami lafiya, aka sauke abin da ya ɗora, aka sayo busasshen katako, aka shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi. Wannan ya ci mana makonni, ga siminti ya ƙara kuɗi muna tsaka da aiki. Laifin namu ne, don babu wanda ya je ya duba katakon ranar da aka sauke shi.

Maginin da ya yi mana bango dattijo ne, ba mai yawan magana ba. Muna ta maganar kwano, shi kuwa ya tsuguna yana ƙwanƙwasa gindin bango. Ya ce da shugaban kwamiti, “Alhaji, ku sama kuke kallo, ni ƙasa nake kallo. Ruwan lungun nan a nan yake kwana.” Gaskiya ya faɗa. Aka haƙa magudana ta bi bayan ɗakin, aka ɗaga daɓe, aka yi wa bangon dakali. Wannan ba ya cikin kasafinmu na farko, amma daminar bana ta zo ta wuce, bango bai jiƙe ba ko sau ɗaya.

Sauran aiki ba shi da dogon labari: tagogi huɗu masu raga, tayil, fenti, fankoki, da sola mai ɗaukar fitilu da kwamfuta ɗaya. Kantocin littattafai na ƙarfe muka sa, don mun ga abin da gara ta iya.

Inda aka daɗe ana ja-in-ja shi ne bangon da ke fuskantar ƙofa. Wasu suka ce a jera hotunan mamatan, wasu suka ce ba su ga dalilin rataya hoton wanda ya rasu ba, addu'a yake buƙata da sadaka mai gudana. Zama biyu muka yi a kan wannan. Daga ƙarshe aka tsaya a kan allon sunaye kawai, kowane suna da abin da mai shi ya karanta da aikin da ya yi, hotuna kuma suna cikin fayil, mai so ya buɗe. A kan allon babu babba babu ƙarami, bisa jerin haruffa aka bi, shi ya sa za ku ga shugaban ƙasa da malamin makarantar ƙauye a layi ɗaya.

Akwai waɗanda suka so a fara da 'yan Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, aka ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, daga can zuwa Zariya inda ta zama Barewa. Ba jami'a ba ce, amma wa zai yi maganar boko a Arewa ya tsallake ta? A nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, haka Wazirin Katsina Alhaji Isa Kaita, wanda ya riƙe ma'aikatar ilmi ta Jihar Arewa. Jami'ar da da yawanmu muka yi a Zariya, wadda aka buɗe a 1962, sunan ɗalibin wannan kwaleji take ɗauke da shi. Saboda haka muka ware musu kanta ɗaya muka kira ta tushe. Mun ma je mun sake duba tsohon ginin kwalejin, wanda yanzu gidan tarihi ne. Ginin ƙasa ne, ya haura shekara ɗari yana tsaye, mu kuwa namu na siminti bai kai rabin haka ba ya nemi durƙushewa.

Fayil ɗin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa bai ba mu wahala ba. Kowa ya san ya yi gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007, ya zama shugaban ƙasa, ya bayyana kadarorinsa a fili, ya kuma faɗa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu. Ya rasu ranar 5 ga Mayu, 2010, yana kwance a maƙabartar Ɗanmarna. Mu dai shekarun da ba a cika ambata ba muka fi bai wa wuri: karatunsa na kimiyyar sinadarai da koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1972 zuwa 1975, da shekarun da ya yi riƙe da alli a Legas da Zariya da Katsina. Yaran da za su zauna a ɗakin nan su san malami ne kafin komai.

Dokta Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa, wanda ya rasu a watan Satumban 2005, shi ma yana da fayil mai kauri. Ya koyar da tarihi a Zariya, bincikensa na digirin dokta a kan Katsina ya yi shi, kuma yana cikin kwamitin da ya tsara daftarin tsarin mulki a 1976, inda shi da wani masanin tarihi, Segun Osoba, suka ƙi bin ra'ayin masu rinjaye suka rubuta nasu rahoton daban. Sai alƙalanmu biyu da suka karanta lauya a Ingila: Mai Shari'a Muhammadu Bello, ɗan Arewa na farko da ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, daga 1987 zuwa 1995, da Galadiman Katsina Mai Shari'a Mamman Nasir, da ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya rasu a 2019.

Waɗannan ko ba mu rubuta ba, wasu sun rubuta. Aikin da ya jiƙa mana goshi shi ne na waɗanda jarida ba ta taɓa buga sunansu ba: malaman sakandare, likitocin dabbobi, malaman gona, injiniyoyin ruwa. Wata ranar Asabar muna tsaka da fenti, sai ga wata gyatuma jikanta na biye da ita ɗauke da akwatin ƙarfe. Muka shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Ta ce, “'Ya'yana, na ji an ce kuna tara takardun mutanen da. Ga na Malam, ni ban san abin da ke ciki ba, amma ya hana a taɓa.” Muka buɗe a gabanta. Takardar digirinsa ce a naɗe cikin leda, da takardar ɗaukar aiki tun muna ƙarƙashin Kaduna, kafin a ba mu jiha a 1987, sai takardun canjin wurin aiki, daga wannan ƙauye zuwa wancan, da wani ɗan littafi da yake rubuta sunayen ɗaliban da ya biya wa kuɗin jarrabawa daga aljihunsa. Ma'ajinmu na karantawa sai ya yi shiru. Sunan yayansa ne ya gani a ciki. Ya ce, “Hajiya, wallahi gidanmu ba mu taɓa sanin wanda ya biya ba.” Ita kuwa cewa ta yi ita ma sai yau ta ji. Mun ɗauki hoton takardun a kwamfuta, muka mayar mata da akwatinta, don ba mu ga ya dace mu raba ta da shi ba. Haka muka yi wa duk iyalan da suka kawo nasu.

Inda muka gaza shi ne wajen mata. Sunayensu a kan allon ba su taka kara sun karya ba, alhali mun san akwai malamai da likitoci da suka rasu waɗanda ba a kawo mana komai nasu ba. Muna roƙon iyayenmu mata na ƙungiya su shige mana gaba, don su ne za su iya shiga gidajen da mu sai dai mu tsaya a zaure.

Lissafin kuɗi, shiga da fita, tare da rasitai har da na katakon da aka yi asara, yana wurin ma'aji, an kuma manna kwafi a allon sanarwa. Babu bashin kowa a kanmu. Ɗan abin da ya rage mun ba da shawarar a ajiye shi don feshin gara duk shekara da sauya batir idan lokacinsa ya yi. Muna godiya ga duk wanda ya ba da kuɗi ko bulo ko littafi, da matasan unguwa da suka yi mana aikin gayya ranar kwashe ɓaraguzai. Waɗanda suka riga mu, Allah ya jiƙansu, ya kai haske kabarinsu.

Ana buɗe ɗakin daga bayan La'asar zuwa Isha'i, ban da Juma'a. Makulli yana hannun sakatare. Wanda ke da takardun mahaifinsa ko na mahaifiyarsa ya zo da su ranar Asabar da hantsi, kanta biyu na ƙasa babu komai a kansu tukuna.

Wassalamu alaikum.
Sakataren kwamiti, a madadin sauran mambobi.