Amsa ga Alhajin da ya tambayi makomar ɗan ƙaninsa a zaɓen NFL

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe.

A shirin wasanni na rediyo ka jefo mini tambaya a bainar jama'a, lokaci kuma ya ƙure. Ka ce ɗan ƙaninka yana buga ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a wata ƙaramar kwaleji a can, yana cikin ƙattin layin gaba masu kare mai jefa ƙwallo, nauyinsa ya haura kilo 130, shekara uku ba a ture shi daga gurbinsa ba, amma ko sau ɗaya jarida ba ta ambace shi ba. Shin yana da rabo a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa?

Yana da shi, amma ƙofar ƙarama ce, kuma ba ta inda kuke kallo take ba.

Ƙungiyoyi 32 ne, zagaye 7, mutum 250 da 'yan kai ake ɗauka duk watan Afrilu, mafi yawansu daga manyan jami'o'i irin su Alabama da Jojiya. Matsalar yaronku ba rashin suna ba ce, don masu farautar 'yan wasa suna shiga lungu da saƙo. Matsalar ita ce ba su yarda da bidiyonsa ba. In sun ga ya kifar da mutum, abin da za su fara tambaya shi ne: wa ya kifar? Kamar ɗan damben da ya yi ta kisa a ƙauyensu ne, sai ya ja da shagon wani gari kafin a san ko hannu ne da shi ko abokan karawa ne ba su da ƙwari.

Filin wannan gwaji yana garin Mobil na jihar Alabama, inda ake yin Senior Bowl, wasan zaɓaɓɓun 'yan kwaleji masu neman shiga NFL, a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu. Wasan kansa ba shi ne abin kallo ba. Atisayen ranakun mako ne, inda ake tsayar da mai tarewa da mai kutsawa su biyu rak, masu horarwa sun kewaye su. Nan Ali Marpet na kwalejin Hobart, wadda ke rukuni na uku, na ƙananan makarantu, ya fito a 2015. Ya tare 'yan manyan makarantu, ya je gwajin ƙarfi da gudu da NFL ke yi wa sababbi a garin Indiyanapolis ya yi gudun yadi 40 a daƙiƙa 4.98, ƙungiyar Tampa Bay ta ɗauke shi a lamba ta 61 a jerin zaɓen. Ya ci kofin Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar NFL, da su a 2021.

Labarin Quinn Meinerz ya fi burge ni. Makarantarsa, Wisconsin-Whitewater, ba ta buga kakar 2020 ba saboda korona, wato shekara guda babu sabon bidiyonsa sai wanda aka ɗauka yana ture itatuwa a dajin Kanada. Gayyatar Mobil ma a makare ta zo, don cike gurbin wani da ya ji rauni. Ya iso da riga a naɗe, tumbi a waje, aka yi ta dariya. Aka sa shi a tsakiyar layi, inda ake miƙa wa mai jifa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, aikin da shi ya koya wa kansa. Kafin mako ya ƙare dariya ta koma rubutu a littafi. Denba ta ɗauke shi a lamba ta 98 a 2021, a 2024 kuma ta sabunta masa kwantiragi na miliyoyin daloli.

To ga abin da nake so ka isar masa, ko da zai yi masa ɗaci. In a gefen layi yake wasa, ya fara cire rai da gurbin. Ƙungiyoyi suna auna tsawon hannu, wanda bai kai inci 33 ba sukan tura shi ciki. Marpet a gefen hagu ya yi wasa a kwaleji, a NFL ciki aka mai da shi. Haka Grey Zabel na North Dakota State, wanda Siyatil ta ɗauka a lamba ta 18 a 2025. Yaron da zai iya riƙe gurbi uku na ciki ya fi amfani ga mai horarwa a kan wanda ya kafe a kan guda, domin 'yan layi kaɗan ne ke sa riga ranar wasa. Ya fara koyon miƙa ƙwallo tun yau.

Kada kuma waɗannan sunaye su ruɗe ku, zamani ya juya. Tun da aka sauƙaƙa sauya makaranta, aka kuma halasta wa ɗalibai karɓar kuɗin talla a 2021, manyan jami'o'i suna kwashe duk wanda ya nuna alama tun yana aji biyu. Wanda ya rage a ƙaramar kwaleji har ƙarshe, za a tambaye shi ido da ido: me ya sa ba wanda ya neme ka? Ya tanadi amsa. In kuwa yana da sauran shekara, kuma wata babba ta yi masa tayi, ni dai da zan ce ya tafi, duk da na san wasu za su kira wannan butulci.

A kwanakin zaɓen, ta ƙarshe wato Asabar ce taku, zagaye na 4 zuwa na 7. Idan aka tashi ba a kira sunansa ba, kada a yi zaman makoki a gidan, a bar wayarsa a kunne. Cikin sa'a guda ƙungiyoyi ke rububin waɗanda aka bari, kuma a nan shi ke da zaɓi. Wakilinsa ya duba wadda layinta ya tsufa ko ya yi ƙaranci, ba wadda ta fi suna ba. Mutum 90 ake shiga sansani da su, a ƙarshen Agusta a rage zuwa 53, sai wasu 16 na atisaye. Ga ɗan layi daga ƙaramar makaranta, shekara guda cikin 16 ɗin nan ba faɗuwa ba ce, lokacin da ƙafarsa za ta saba da saurin manya ne, ana kuma biyansa duk mako.

Ka turo mini tsawon hannunsa da bidiyon wasan da ya yi da makaranta mafi ƙarfi da suka taɓa haɗuwa da ita, ko da an lallasa su. Shi masu farauta za su fara buɗewa.

A gaida mutanen gida.