Wasiƙa daga Adelaide: Labarin Thunderbirds

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali baki ɗaya. Mu ma nan lafiya lau, sai kewarku. Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayarka a kan hoton da na tura maka, wanda muke sanye da riguna ruwan hoda ni da 'yar taka, babbar, a tsakiyar taron jama'a. Ka ce yaushe na fara bin wasan da ko sunansa ba ka taɓa ji ba. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Sunan wasan netbol. Ya yi kama da ƙwallon kwando, amma kwandonsa ba shi da allo a baya, zobe ne kawai a kan sanda mai tsawon mita 3.05. Mata bakwai-bakwai ne ke bugawa, kowace da iyakar da ba za ta ƙetare ba a fili. Ba a gudu da ƙwallo a hannu, ba a riƙe ta fiye da daƙiƙa uku, kuma mutum biyu kaɗai a kowane ɓangare ke da izinin jefawa a zobe. Ka ga ke nan komai gwanintar 'yar wasa, ba ta isa ta ɗauki ƙwallo daga wannan ƙarshe ta kai wancan ita kaɗai ba. Dole ta ba 'yar'uwarta. Wannan ne ya fara jan hankalina tun ranar da na raka yarinyar nan filin makarantarsu.

Ƙungiyar da muke goyon baya ita ce Adelaide Thunderbirds. An kafa ta a 1997, shekarar da aka fara gasar ƙasa ta Commonwealth Bank Trophy a Ostireliya. A lokacin birnin nan ƙungiya biyu gare shi, ita da Ravens. Da ƙafar dama ta shigo: ta ɗauki kofi a 1998, ta sake ɗauka a 1999, inda ta doke maƙwabciyarta Ravens a wasan ƙarshe. Kyaftin ɗinta a zamanin ita ce Kathryn Harby-Williams, mai tsaron baya. Ka riƙe wannan sunan, zan dawo kansa. Matan wancan lokaci ba da wasan suke ci ba, da rana suna wurin aiki ko karatu, da yamma su zo atisaye.

A 2008 aka haɗa ƙungiyoyi biyar na Ostireliya da biyar na Niyu Zilan a gasa ɗaya, ANZ Championship, kuɗi da talabijin suka fara shigowa. A ƙarƙashin kociya Jane Woodlands-Thompson, Thunderbirds ta ci kofi a 2010 bayan ta doke Waikato Bay of Plenty Magic da ci 52 da 42, ta kuma ƙara a 2013 da ta doke Queensland Firebirds 50 da 48.

Daga nan fa ƙasa ta fara zame mata. Manyan 'yan wasa wasu suka yi ritaya, wasu suka koma wasu ƙungiyoyi. Da aka raba gari da Niyu Zilan aka buɗe gasar Super Netball mai ƙungiyoyi takwas a 2017, sababbin ƙungiyoyi suka kwashi gwanaye, Adelaide ta tashi da abin da ya rage. A wannan kakar wasa ɗaya tak ta ci cikin 14. A 2018 ko ɗaya ba ta ci ba. Aminina, ka ƙaddara mace ta tashi kowane mako ta yi atisaye, ta hau jirgi zuwa Perth ko Brisbane, ta sha kashi, ta dawo, haka har kaka ta ƙare. Amma na sha jin iyayen da muke tsayuwa tare a bakin fili suna cewa ko a waɗannan shekarun ba su fasa kai 'ya'yansu mata kallo ba, kuma bayan an tashi 'yan wasan kan tsaya su sa wa yara hannu a riga. Ban yarda a ɗora laifin a kan kocin lokacin, Dan Ryan, shi kaɗai ba, domin shi ɗin ne ya je West Coast Fever ya ci mata kofinta na farko a 2022.

Abin da ya fi burge ni ya fara ne a 2019, da aka ba Tania Obst, 'yar jihar nan, ragamar horarwa. Kaka huɗu ta yi ba ta kai ƙungiyar zagayen ƙarshe ba, kuma ba a sallame ta ba. Kai da ka san yadda ake korar koci bayan wasa biyar a ƙwallon ƙafa, ka san wannan ba ƙaramin haƙuri ba ne. Ita kuwa daga baya ta fara gini. Ta ɗauko Shamera Sterling daga Jamaika, doguwa mai dogayen hannuwa, wadda ke karanta inda ƙwallo za ta bi tun kafin a jefo ta. Daga baya 'yar ƙasarsu Latanya Wilson ta zo ta haɗu da ita. Dalilin wannan dabara yana cikin dokar wasan: a netbol ana karɓa-karɓa ne wajen tashi daga tsakiya bayan kowane ci, don haka idan kowa na cin nasa, tafiya za ta yi ta zama kunnen doki. Wanda ya ƙwace ƙwallo daga hannun abokin karawa shi ke yin gaba. A gefe guda kuma ta yi ta renon 'yan gida, irin su Georgie Horjus daga tsibirin Kangaroo da kyaftin Hannah Petty.

A 2023, shekara goma cif bayan kofin ƙarshe, suka kai wasan ƙarshe a Melbourne da New South Wales Swifts. A gida muka kalla. Lokaci ya cika ana kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci, Thunderbirds ta yi nasara da ci 60 da 59. 'Yarka ta fashe da kuka, ni ma sai da na share ido. A 2024 suka kare kofin a nan Adelaide, suka doke Melbourne Vixens 59 da 57, a wannan karon da Romelda Aiken-George, wata 'yar Jamaikar, a bakin zobe. Hoton da ka gani na ranar ne.

Sai dai akwai abin da har yanzu yake ci mini rai. 'Yan watanni bayan kofin 2023, kwantiragin 'yan wasan gasar duka ya ƙare a ƙarshen Satumba, aka kasa daidaitawa da hukumar wasan a kan rabon kuɗin shiga, matan suka yi makonni ba albashi, har da waɗanda suka ɗaga kofi. Wadda ta jagoranci ƙungiyar 'yan wasa a wannan gwagwarmaya ita ce Kathryn Harby-Williams ɗin nan da na ce ka riƙe sunanta. A watan Disamba aka cimma yarjejeniya. Duk da haka, albashinsu bai kama ƙafar na mazan da ke buga manyan wasannin ƙasar nan ba, alhali netbol na cikin wasannin da 'yan mata suka fi bugawa a Ostireliya. A ganina wannan rashin adalci ne.

'Yar taka yanzu tsaron baya take bugawa, ta ce hannun Sterling take koyo. Na ajiye wa ƙaramar 'yarka ta can gida riga ɗaya ruwan hoda da ƙwallo, ka aiko mini da shekarunta da tsawonta don kada rigar ta yi mata kaɗan. Ka gaishe mini da Hajiya da uwargida da yara duka.

Naka amini, har kullum.