Sanarwa kan sassarfar Asabar tare da iyali

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ana sanar da ku cewa sassarfar wannan Asabar za ta tashi daga Ƙofar Ƙaura bayan sallar asuba zuwa filin wasa na Muhammadu Dikko, kuma muna roƙon kowa ya zo da iyalinsa. Dattijonmu, wanda yake gudu tun yana saurayi, zai shige gaba da jikokinsa biyu domin kada matasa su bar yara a baya. Tunda hunturu ya kankama, a sa wa yara rigar sanyi, a shafa musu man kaɗanya a leɓe, kowa ya riƙo gorar ruwansa. Wanda haki ya hana shi magana ya koma tafiya har numfashinsa ya daidaita.